Sunan 'Yar Fari

Laraba, 17 ga Afrilu, 2024

Littafin nan nata ne. Na tarar da rabinsa fari fat, kuma a wannan tsadar ba a barin takarda ta lalace. Dalilin ke nan, ba wani abu ba.

Yau da hantsi ina shanyar daddawa sai ga Luba, autata, da waya a hannu, idonta jajur. Wayar yayarta ce, ita ke riƙe da ita yanzu. Saƙo ne ya shigo, wai an ɗauki yayar tata a bitar koyon rubuta labari a Rijiyar Zaki, can birni, Asabar shida a jere. Tun bara ta cike takardar. Masu bitar suka yi ta ɗagawa saboda halin da ake ciki, sai yanzu suka shirya. Wata takwas ke nan da muka binne ta.

'Yata ce ta fari. Ban rubuta sunanta ba domin ban taɓa furta shi ba. Mu nan uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, haka muka tashi muka tarar. Ana yaye ta Inna Hure, uwar mijina, ta ɗauke ta zuwa ɗakinta, ta tashi tana ce mini Yaya. Shekara ashirin da uku ina ce mata "ke".

Baban Luba ya ce a buga musu waya a sanar da su. Na ce mutanen da suka tuna da ita sun fi ƙarfin waya, zan je da ƙafata, dama ina da daddawar da zan kai birni. Ya dube ni ya ci gaba da gyaran fartanyarsa.

Asabar, 27 ga Afrilu

Na yi abin kunya.

Na fita Tsanyawa da sassafe, aka cusa mu a bas kamar buhunan gero, na sauka a birni na hau adaidaita. Ajin wata makaranta ce suka ara. Mutum kusan ashirin, yawanci 'yan jami'a, kowa da ƙamshin turare, ni da ƙamshin sana'ata. Na zauna a bencin baya ina jiran malamin ya samu sarari in gaya masa in kama hanya.

Malam Hadi sunansa, siriri, gilashinsa ɗaure da zare a gefe ɗaya. Bai ba ni sarari ba. Ya buɗe takarda ya fara kiran suna. Na bakwai, ko na takwas, ya kira nata. Da ƙarfi, kamar tana bakin ƙofa za ta shigo.

A gidanmu yanzu "marigayiya" ake cewa. Wata takwas ban ji sunan nan a bakin kowa ba.

Ya sake kira. Sai na ji wata ta ce "Na'am." Ni ce.

Ya ɗaga kai ya yi murmushi, ya ce, "Sannu da zuwa, Hajiya." Ya wuce na gaba. Na zauna har aka tashi, ban ji rabin abin da aka faɗa ba. Abu ɗaya na riƙe: ranar Asabar ta ƙarshe kowa zai miƙe, ya faɗi sunansa da bakinsa, ya karanta labarin da ya rubuta.

A gida na ce wa Baban Luba sun ce in zauna a madadinta. Ƙarya ta biyu a yini ɗaya, ga mace mai shekara arba'in da ɗaya.

Lahadi, 28 ga Afrilu

Ba zan koma ba.

Alhamis, 2 ga Mayu

Aikin gida da Malam Hadi ya bayar shi ne kowa ya kalli abu ɗaya a gidansu ya rubuta shi yadda makaho zai gan shi. Na ce bari in gwada kawai, tunda ba komawa zan yi ba. Firamare na gama, amma duk littafin da ta shigo da shi gidan nan sai na karanta shi a ɓoye bayan ta fita.

Na zaɓi rumbunmu. Me zan rubuta? Babu komai a ciki tun kafin azumi. Na leƙa, sai warin tsohon ƙaiƙayi da wani ƙadangare da ya dube ni kamar ni ce baƙuwar. Na rubuta hakan. Na rubuta yadda muryar mutum ke dawo masa idan ya yi magana a ciki.

Wurin suna a saman takarda na tsaya. Hannuna ya ƙi. Na sa R. K., na rufe.

Asabar, 4 ga Mayu

Na koma. Gaya musu gaskiya na je yi, Allah ya sani. Ya kira sunan, na amsa.

Malam Hadi ya karanta rumbuna a gaban aji. Ya ce, "Kun ji? Ba ta ce ana yunwa ba, amma wa bai ji yunwa ba?" Na sunkuyar da kai, kunnuwana suna zafi. Wani saurayi mai takalmi kamar kwale-kwale ya rubuta shafi biyar a kan wayarsa, aka ce ya rage huɗu. Na ji daɗi, Allah ya yafe mini.

Darasin yau: dole mutumin cikin labari ya zama akwai abin da yake so, akwai kuma abin da ya tare masa hanya. In babu wannan, wai ba labari ba ne, hira ce.

Wata yarinya ta dawo kusa da ni, Maijidda, 'yar jami'a, baki kamar rediyo. Ta ce, "Anti, wallahi rubutunki so deep! Ni fa sai na ji kamar in yi kuka." Ta haɗa Anti da sunan, ta yi ta maimaitawa kamar ba ya ƙarewa. Na ƙirga a zuci har sau tara. Ta sayi daddawata don mamanta, ta naɗe ta a leda uku.

Talata, 7 ga Mayu

Zafi kamar ana gasa mutum. Garin rogo da rana, kwaɗon rama da yamma. Inna Hure ta ce ko shekarar da aka yi fari tana budurwa ba ta ga an auna hatsi da gwangwanin madara ba.

Bayan azahar kowa ya kwanta a inuwa. Ina wanke tukunya sai na ji takun silifa daga zaure, mai jan ƙafar hagu kaɗan. Ita kaɗai ke tafiya haka. Ban waiga ba. Takun ya zo har bayana ya tsaya, daidai inda take tsayawa idan ta dawo daga makarantar da take koyarwa, ta ce "Yaya, sannu da aiki." Na jira. Da na juya, akuya ce ke jan igiyarta a ƙasa.

Na yi ta'awizi. Na san matattu ba sa dawowa. Amma tun da na fara amsa sunan nan gidan ya ƙi zama daidai, kamar na ɗauko kayan wani na ajiye a ɗakina.

Asabar, 11 ga Mayu

Yau magana aka koyar. Malam Hadi ya ce mu daina sa wa mutanen labari dogon jawabi kamar masu wa'azi. Wai mutane ba sa faɗin abin da ke ransu kai tsaye, zagayawa suke. Ya ce, "Uwa ba ta cewa ina ƙaunarka. Cewa take, ka ci abinci?" Aji ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Aikin gida: a rubuta magana tsakanin mutum biyu, wadda ɗaya ya nemi abu, ɗayan ya hana. Ya ce daga nan labarin ƙarshe zai fito.

A hanyar dawowa bas ta mutu bayan Bichi. Muka zauna gindin darbejiya awa biyu, fasinja suna ta zagin tsadar mai. Ni kuwa na riga na san maganar da zan rubuta.

Litinin, 13 ga Mayu

Bari in rubuta a nan tukuna, inda ba mai gani.

Amai da gudawa ne, tsakiyar damina. Kwana biyu kacal. Ranar ta biyu bayan la'asar tana kwance a asibiti da ƙarin ruwa a hannunta, Inna Hure a gefen kanta, ƙannen Baban Luba mata biyu a bakin gado. Ni ina can wajen ƙafafu, inda ya dace da ni. Idonta ya faɗa, muryarta ta zama kamar ta tsohuwa.

Ta ce, "Yaya."

Na ce, "Ke, mene ne?"

Ta ce, "Kira ni mana. Sau ɗaya."

Duk suka juyo suna kallona. Sunan ya zo har kan harshena, na ji nauyinsa. Na ga idon Inna Hure. Sai na ce, "Ke, yi shiru, ki yi salati."

Ta yi salatin. Yarinya ce mai jin magana. Kafin magariba an rufe mata fuska.

Ranar sadakar uku mata suka yi ta yabona, wai Larai akwai kunya, akwai dauriya, ko hawaye ba ta yi a gaban mutane ba. Na karɓi yabon. Na tsani kaina ranar, kuma har yau ban daina ba.

Asabar, 18 ga Mayu

Na kai labarin. Na canja gari, na mai da asibitin ɗaki, amma maganar tana nan yadda take.

Malam Hadi ya karanta a zuci, ya cire gilashi ya goge. Da aka tashi ya ce in ɗan tsaya. Ya ce labarin yana da rai, sai dai abu ɗaya. Daga farko har ƙarshe "yarinyar", "ita", "ke". Ya ce, "Uwar ce aka hana kiran sunan, Hajiya, ba marubuciyar ba. Ke kina da iko. Ki ba ta suna ko sau ɗaya, mai karatu ya san abin da aka hana ta."

Na ce to. Raina ya ɓaci. Shi da yake namiji ɗan birni, me ya sani? Yana ganin suna kamar gishiri ne, a barbaɗa a miya.

Sai ya buɗe jakarsa ya zaro wata takarda. Ya ce wannan ne rubutun gwaji da aka turo bara tare da takardar neman shiga, shi ya sa suka zaɓi sunan. Ya ce, "Na sake karanta shi jiya. Hannun ya bambanta da na yanzu." Bai tambaye ni komai ba. Ya miƙo mini, ya ce in tafi da shi.

Rubutunta ne. Na gane yadda take karkata harafi kamar iska na kaɗa shi. Na cusa a jaka ƙarƙashin ledar daddawa, ban buɗe ba har gida.

Lahadi, 19 ga Mayu

Na shiga bayan rumbu da hantsi na karanta. Shafi ɗaya da rabi. Kan maganar: "Yayata."

Ta rubuta wata mace da ba ta kallon 'yarta a ido, ba ta zama kusa da ita a biki, in an yabi yarinyar sai ta tashi ta bar wurin. Ta rubuta yadda tana ƙarama take zaton matar ba ta son ta. Sannan ta rubuta ƙanzo.

Ni na zaci ba wanda ya sani. Kullum in na kwashe tuwo sai in kankare ƙanzon, in zuba a ƙaramin kwanon nan mai tsaga, in rufe da faifai, in ajiye a kan katangar bayan madafa kamar na manta da shi. Tun tana shekara huɗu take son ƙanzo da ɗan manja. Ban taɓa ce mata ga shi ba, ita ma ba ta taɓa cewa ta gani ba. Sai dai in tarar da kwanon a wanke.

Layin ƙarshe na kwafe shi: "Ba ta taɓa kiran sunana ba, amma ƙanzon gidanmu bai taɓa zama na wani ba."

To in ta sani, me ya sa ta roƙa? Na yi ta juya wannan har rana ta take. Ina jin sani daban, ji da kunne daban. Na yi kukan da ban yi ba wata tara, bakina cushe da gefen zani don kada Inna Hure ta ji. Har yanzu ɓoyewa nake.

Asabar, 25 ga Mayu

Ban je ba. Na ce ciwon kai.

Laraba, 29 ga Mayu

An yi ruwan shuka jiya. Kowa ya fita gona, Baban Luba yana sara, mu muna bi da iri muna rufewa da ƙafa. Irin ma rabi aro ne daga maƙwabta, taki kuwa sai na dabbobi.

Muna hutawa gindin ɗorawa wayar ta yi ƙara a hannun Luba. Na ji ta ce, "Wa?" Sai ta ce, "Ai Allah ya yi mata rasuwa." Daga inda nake na jiyo ihu a cikin wayar. Maijidda ce. Ta ga ban zo ba, ta nemo lambar a takardar aji, ta tambayi Anti da sunan. Tana ta salati tana cewa, "Yaushe? Ko two weeks ba a yi ba fa muna tare, ta ba ni daddawa!"

Luba ta dube ni. Ba yarinya ba ce, shekararta sha bakwai, nan take ta haɗa lissafin abin. Na karɓi wayar na ce wa Maijidda ina nan da raina, kuskure ne, zan yi bayani ranar Asabar. Ta yi ta kuka da dariya a haɗe.

Luba ta jira sai da muka koma kan kunya, nesa da babanta. Tana jefa iri ba ta kalle ni ba ta ce, "Umma, ashe kin iya amsawa. Kira ne ba ki iya ba."

Na ɗaga hannu zan mare ta. Na sauke. Ina wurin ranar, ita ma tana wurin, a bakin ƙofar ɗakin asibitin, na manta. Muka ƙarasa kunyar.

Asabar, 1 ga Yuni

Ramin ƙarya ƙurarre ne, yau na kai ƙarshen nawa.

An jera kujeru, an kawo ruwan leda da cincin, wasu sun zo da iyayensu. Mai takalmin kwale-kwale ya karanta nasa, shafi ɗaya, kuma ya yi kyau, ban so in yarda ba. Aka zo kaina. Na miƙe na riƙe benci.

Na ce, "Sunana Larai. Sunan da kuke kira na 'yata ne, ta fari. Ita ta nemi shiga nan, ta rasu bara da damina. Na zo in gaya muku, sai na ji an kira ta, na kasa. Ku yafe mini."

Maijidda ta toshe baki da mayafi. Malam Hadi ya ce, "Allah ya jiƙanta da rahama. Karanta mana, Malama Larai."

Na karanta. A daren jiya ban gyara komai ba, amma da safe a cikin bas na bar fili a layin ƙarshe, inda marubuciya za ta faɗi sunan yarinyar kamar yadda ya ce. Na yi niyya, wallahi na yi. Na zo wurin, na buɗe baki. Mutum ashirin, ba surukata ko ɗaya a cikinsu, ba wanda zai ce Larai ba ta da kunya. Ya ƙi fita. Na tsaya har shirun ya yi yawa, na naɗe takardata na zauna.

Sun tafa. Ban san me suka tafa wa ba.

Aka raba takardun shaida. An riga an buga tawa da sunanta, da manyan baƙaƙe. Malam Hadi ya ce zai sa a sake bugawa da nawa. Na ce a bar ta haka, ai ita aka ɗauka. Ya ce to, amma in ci gaba da rubutu, kuma labarin nan da saura. Maijidda ta raka ni har titi tana riƙe da jakata, ta rasa me za ta kira ni, sai ta koma "Mama".

Na kasa. A rubuta haka.

Litinin, 3 ga Yuni

Gero ya fara tsiro, layi-layi kamar an ja da zare. In ruwa bai yanke ba.

Ba wani labari yau. Bayan la'asar Luba ta ɗauko takardar shaidar tana nuna wa babanta a tsakar gida. Inna Hure tana kan tabarma tana tsinar wake, ta ce a miƙo mata. Ta juya ta sama ta juya ta ƙasa, ita da ba ta karatun boko, ta shafa tambarin da yatsa. Luba ta matso za ta karanta mata, sai ta janye takardar. Ta miƙo mini.

Ta ce, "Larai, ke da kika je. Me aka rubuta a nan, da manyan nan?"

Ta san abin da aka rubuta. Luba ta gaya mata tun jiya. Ta tsare ni da idon nan nata, irin na ranar asibiti, sai dai yau na ga ruwa a ciki. Ashe ita ma tana ɗauke da ranar.

Na karanta mata. Da ƙarfi ya fito, fiye da yadda na so, har kaji suka watse. Baban Luba ya sunkuyar da kai. Inna Hure ta ce, "Kunnena ya yi nauyi, sake faɗa." Kunnenta lafiya lau, tana jin faɗuwar allura. Na sake.

Karatu ne kawai. An tambaye ni abin da ke takarda, na karanta, ba kira ba ne. Kada ma in mai da shi wani abu.

Da na kwashe tuwo na kankare ƙanzon na zuba a kwanon mai tsaga, na ba Luba a hannu. Ta ce ita ba ta cika son ƙanzo ba, amma ta cinye.

Biron nan kamar zai ƙare, bari in gwada shi.

Rahmatu.

Rahmatu. Rahmatu.

Yana rubutu.